Bashin da Ya Maƙale a Bankin Musulunci: Yadda Ake Auna Shi Rukuni-Rukuni

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, shekaru ke nan jama'ar zangonninmu na Akra, daga Nima da Mamobi har zuwa Sabon Zango da Madina, suna tambayar malamai yaushe za a buɗe mana bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Dokar bankuna ta Gana mai lamba 930, ta shekarar 2016, ta sanya irin wannan hidima cikin abin da banki zai iya yi, kuma a 2025 Babban Bankin Gana ya bayyana cewa yana shirya ƙa'idojin da za a bi. Amma akwai tambayar da ba mu cika ji ba, alhali ita ce za ta tsare dukiyar mutane: idan bankin ya zo, da me za mu gane yana da lafiya ko ba shi da ita? Wannan rubutu bayani ne a kan ma'auni guda, wato bashin da ya maƙale, da dalilin da ya sa ba a yi masa kuɗin goro, sai dai a auna shi rukuni-rukuni.

Mene ne bashin da ya maƙale?

Bankin Musulunci ba ya ba da rance don ya karɓi ƙari. Yana saye ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya shiga tarayya da ɗan kasuwa. Duk da haka, mafi yawan waɗannan ciniki suna ƙarewa ne da kuɗin da banki yake bin mutum, wanda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Idan lokacin biya ya wuce da kwana 90 ba a biya ba, ko kuma alamu suka nuna mutumin ba zai iya cika biyan ba, to ma'aikatan banki a kusan ko'ina a duniya suna lissafa wannan bashi a matsayin wanda ya maƙale.

Lissafin ba shi da wuya. A tara dukkan bashin da ya maƙale, a raba shi da dukkan kuɗin da banki yake bin mutane, a fitar da kashi nawa ne cikin 100. Bankin da yake bin sidi 1,000,000, kuma 50,000 daga ciki sun maƙale, ma'auninsa kashi 5 ne cikin 100. A lura da abu ɗaya: ba kason watan da aka kasa biya kaɗai ake ƙirgawa ba, dukkan ragowar bashin ake ɗauka.

Babban Bankin Najeriya ya ɗauki kashi 5 cikin 100 a matsayin iyakar da ba a so a wuce, haka ma hukumar da ke kula da bankuna a Indonesiya. A nan Gana kuwa ma'aunin bankuna gaba ɗaya ya haura kashi 20 cikin 100 a shekarar 2024, abin da ya sa a 2025 Babban Banki ya umarci bankuna su sauko da shi zuwa kashi 10 kafin ƙarshen 2026. Wannan ita ce kasuwar da bankin Musulunci zai shigo ya tarar.

Me ya sa abin ya fi nauyi a bankin Musulunci?

Dalili na farko shi ne bashin ba ya girma. A nan ya kamata mu rarrabe kalmomi, domin a Hausa riba tana nufin abin da ɗan kasuwa ya ci na halal, ita kuwa ribar da Alƙur'ani ya haramta ita muke kira kuɗin ruwa. Bankin ruwa idan aka yi masa jinkiri sai ya ƙara ruwa. Bankin Musulunci idan ya sayar wa mutum firiji a kan sidi 12,000, ko an shekara uku ana jinkiri, 12,000 ɗin nan dai yake bi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ba ya halatta a ɗora wa mai jinkiri wani ƙari a kan bashin cinikin biya kaɗan-kaɗan. Hukumar AAOIFI da ke Baharen, mai tsara ƙa'idojin lissafi da na shari'a ga irin waɗannan bankuna, ta yarda a sharɗanta wa mai taurin bashi ya fitar da wani abu, amma sadaka za a yi da shi, ba ya shiga aljihun banki. Ga kuma tsadar kaya: a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin 100. Bashin da ya kwana shekara a irin wannan hali ya dawo da kusan sulusin ƙarfinsa a zube.

Dalili na biyu shi ne wanda asarar take faɗa wa. Mai ajiyar neman riba a bankin Musulunci yawanci mudaraba ya ƙulla: shi ne mai dukiya, banki ne mai juyawa. Idan an ci riba a raba, idan an yi asara ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, a kan mai dukiya take. Ke nan bashin da ya maƙale a hannun wani attajiri yana rage abin da za a ba tsohuwar da ta ajiye kuɗin Hajjinta. Don haka sanin wannan ma'auni haƙƙin mai ajiya ne, ba alfarma ba.

Asalin rarrabewa a fiƙihu

Kada ɗalibi ya ɗauka raba masu bashi gida-gida sabon abu ne da ya zo daga Turai. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafe masa ya fi alheri. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya sanya jinkirin mai hali cikin zalunci. Mutum biyu ke nan, dukansu ba su biya ba, amma hukuncinsu ya bambanta. Malamanmu na Malikiyya, a babin tsiyacewa, sun ƙara na uku, wato wanda ba a san halinsa ba, wanda sai an bincika kafin a yanke masa hukunci.

Haka a babin zakka. Ɗan kasuwar da yake juya kayansa kullum, idan shekara ta zagayo, yana lissafa bashin cinikin da yake sa ran samu cikin abin da zai fitar wa zakka, amma wanda ya yanke ƙauna da shi ba ya lissafa shi sai ranar da ya shigo hannu. Duk wanda ya taɓa zama da littafinsa a watan zakka yana ware wannan daga wancan, to ya riga ya yi aikin da muke magana a kai. Aya ta 282 ta surar kuwa, wadda ta fi kowace aya tsawo, ita ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Babu awo sai da rubutu.

Matakan lalacewar bashi

Bashi ba ya mutuwa rana ɗaya. Ƙa'idar Babban Bankin Gana ta kasa shi mataki biyar, kuma kowane mataki da abin da banki zai ware daga ribarsa don tarar asara:

- Mai lafiya, wanda ake biya a kan kari: a ware kashi 1 cikin 100.
- Mai buƙatar sa ido, jinkirin kwana 30 zuwa 90: kashi 10.
- Mai rauni, kwana 90 zuwa 180: kashi 25.
- Mai shakka, kwana 180 zuwa 360: kashi 50.
- Ɓatacce, wanda ya haura kwana 360: kashi 100.

Matakai uku na ƙarshe su ne bashin da ya maƙale. Na biyu bai shiga lissafi ba, amma shi ne hadarin da ke nuna ruwan gobe, kuma mai hankali a kansa yake fara tambaya.

Yadda jimla take ɓoye ciwo

Mu buga misali da lambobin da muka ƙaga don koyarwa kawai. A ce wani asusun al'umma yana bin sidi 1,000,000, ya kuma sanar cewa abin da ya maƙale 48,000 ne, wato kashi 4.8 cikin 100. Kowa zai ce madalla, ai bai kai 5 ba. To bari mu buɗe littafin:

| Rukuni | Abin da ake bi | Wanda ya maƙale | Kashi cikin 100 |
|---|---|---|---|
| Ma'aikata masu albashi | 400,000 | 4,000 | 1 |
| Masu ƙaramar sana'a | 200,000 | 4,000 | 2 |
| Masu shaguna da motocin haya | 250,000 | 10,000 | 4 |
| Manyan fatake | 150,000 | 30,000 | 20 |

Yanzu an ga inda ciwon yake. Rukuni uku lafiyarsu lau, na huɗu kuwa sidi ɗaya cikin kowane biyar ya maƙale. Idan shugabannin asusun jimla kawai suke kallo, ɗayan biyu za su yi. Ko su ce komai daidai ne su ci gaba da zuba wa manyan fatake kuɗi, ko kuma ranar da abin ya fashe su tsananta wa kowa, har mai sayar da koko da wake da shinkafa wadda ba ta taɓa saɓa ranar biya ba. Na farko ɓarnar dukiya ne, na biyu zalunci ne.

Hanyoyin raba kasuwa

Ana raba abokan hulɗar banki ta fuskoki huɗu, kuma kowace fuska tana nuna abin da sauran ba su nuna ba.

Ta farko, girman mai karɓa: ɗaiɗaikun mutane, masu ƙaramar sana'a, matsakaita, da manyan kamfanoni. Ƙananan basussuka suna da yawa, faɗuwar ɗaya ba ta girgiza banki, amma bibiyarsu tana cin kuɗi da ma'aikata. Manya kuwa kaɗan ne, masu sauƙin bibiya, sai dai mutum biyu ko uku sun isa su kayar da banki.

Ta biyu, irin sana'a. Mai kawo albasa daga Nijar ba ɗaya yake da mai sayar da atamfa a kasuwar Malam Atta ba, ba kuma ɗaya yake da mai shanu a Tulaku ta Ashaiman ba. A watan Yulin 2021 an tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, bayan gari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, motocin albasa suka tsaya a hanya kaya yana ruɓewa. Musiba irin wannan tana faɗa wa 'yan sana'a ɗaya gaba ɗaya a lokaci ɗaya. Bankin da rabin kuɗinsa yake hannunsu ya ɗora kayansa duka a jaki ɗaya, ko da kowanensu mutumin kirki ne. Mai shanu kuma kuɗinsa yana shigowa ne gab da Babbar Salla, don haka wanda ya yanka masa biyan wata-wata daidai da na ma'aikacin gwamnati, shi ya jawo jinkirin da hannunsa.

Ta uku, wuri: reshe-reshe, unguwa-unguwa. Idan reshe ɗaya ya fi sauran maƙalewa alhali sana'o'in iri ɗaya ne, to a binciki ma'aikatan reshen kafin a zargi mutanen unguwar.

Ta huɗu ita ce ta keɓanci bankin Musulunci, wato irin ƙullin ciniki:

- Murabaha: banki ya sayi kaya ya sayar da sananniyar riba. Kuɗin bashi ne tabbatacce, ma'aunin kwana 90 yana aiki a kansa kai tsaye.
- Ijara: kayan mallakar banki ne, haya ake biya. Abin da aka kasa biya na haya bashi ne, amma kadarar tana nan, sai a duba darajarta a kasuwa.
- Salam: banki ya biya manomi kuɗi tun kafin girbi. Abin da ake bi a nan hatsi ne, ba kuɗi ba, kuma lokacinsa kaka ce.
- Musharaka da mudaraba: nan ba bashi ba ne tun asali. Idan kasuwanci ya faɗi ba da ha'inci ko sakaci ba, jarin ne ya ragu, ba a bin mai juyawa. Sanya shi a layin masu taurin bashi kuskure ne a lissafi, kuma kuskure ne a shari'a. Abin da ake aunawa shi ne nawa jarin ya ragu, da ko ana kawo rahoton ciniki a kan lokaci.

Auna nasarar kowane rukuni

Ƙarancin bashin da ya maƙale shi kaɗai ba ya nuna nasara. Bankin da ya ƙi ba kowa komai ba shi da bashi ko ɗaya a waje, amma ba shi da amfani. Don haka ake haɗawa da wasu ma'aunai: ribar da aka samu a kan dukiyar banki gaba ɗaya, ribar da aka samu a kan jarin masu hannun jari, abin da aka kashe wajen gudanarwa idan aka gwada da abin da ya shigo, nawa aka fitar daga cikin ajiyar mutane, da kuma nawa aka ware don tarar asara idan aka gwada da abin da ya maƙale.

Waɗannan ma sai an bi su rukuni-rukuni. A koma misalinmu. A ce masu ƙaramar sana'a sun kawo riba 40,000, an kashe 26,000 wajen bibiyarsu, an ware 2,000 don asara: saura 12,000, wato kashi 6 cikin 100 na 200,000. Manyan fatake sun kawo 21,000, an kashe 3,000 kacal a kansu, amma an ware 24,000 don asara: an faɗi da 6,000. Rukunin da ma'aikata suke ganin ya fi wahala shi ne yake ciyar da asusun, wanda ake shimfiɗa wa darduma kuwa shi yake cin uwar kuɗi. Ba kullum haka abin yake ba, a wani wuri akasin haka za a gani. Abin nufi dai ba a sani sai an raba.

Dabarun da ake ɓoye gaskiya da su

Akwai hanyoyi uku da lamba take yin kyau alhali ciwon yana nan. Ta farko, saurin fitar da sabon kuɗi. Idan asusun misalinmu ya ƙara fitar da 600,000, sai 48,000 ɗin nan ta koma kashi 3 cikin 100, ba tare da an karɓo ko sidi ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a bi kowane zubi da shekararsa: na bara nawa ya maƙale, na bana nawa.

Ta biyu, sabunta bashi. A sake yi wa mutum sabuwar murabaha don ya biya tsohuwa, sai littafi ya nuna ya biya. Idan da ƙari a ciki, to wannan shi ne warware bashi a cikin bashi da malaman Malikiyya suka hana, domin kuɗin ruwan jahiliyya ne ya sake riga. Ƙara wa mai ƙunci lokaci ba tare da ƙari ba halal ne, abin yabo ne ma, amma a rubuta shi da sunansa, kada a mayar da shi cikin masu lafiya sai ya nuna biya na wani lokaci.

Ta uku, share bashi daga littafi. Ana yin haka bisa ƙa'ida, amma wajibi ne a faɗi nawa aka share da kuma na wane rukuni.

Abin da ya faru a gabanmu

Mu a Gana ba labari aka ba mu ba. A watan Agustan 2017 aka soke lasisin UT Bank da Capital Bank. A Agustan 2018 aka haɗe bankuna biyar aka kafa Consolidated Bank Ghana. A ƙarshen Mayun 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, a Agustan shekarar kuma aka ƙara da kamfanonin ajiya da lamuni 23. Cikin dalilan da Babban Banki ya bayar akwai basussukan da suka lalace, da kuɗin da aka ba masu bankunan da makusantansu. Wannan rukuni na makusanta shi ne ya fi kowane buƙatar a ware shi a bayyana, domin shi ne wanda ma'aikaci yake jin nauyin tambaya.

Sunan Musulunci a ƙofar banki ba ya kare shi daga wannan. Bank Muamalat, bankin Musulunci na farko a Indonesiya wanda ya fara aiki a 1992, ya sha fama da basussukan manyan kamfanoni da suka maƙale, har sai da hukumar kula da kuɗin alhazan ƙasar ta zama babbar mai hannun jari a cikinsa. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma sun riga mu nisa: Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da Kaduna, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Suna wallafa rahoton shekara, kuma ɗalibin da yake son ya ƙware a wannan fanni zai amfana idan ya buɗe sashen da aka rarraba kuɗin da aka fitar bisa sana'a da irin ƙulli.

Tambayoyin mai ajiya

Ba sai banki ya zo za a fara ba. Asusun masallaci, ƙungiyar 'yan kasuwa, adashin mata da ake kira susu a nan, duk suna ba da bashi, kuma yawancin rigingimun da ake kawowa zaurukan malamai daga nan suke tasowa. Sau da yawa idan muka ce a kawo littafi, sai a tarar jimla kawai aka rubuta. Wanda zai sa kuɗinsa a irin waɗannan wurare, ko a banki, ya tambaya:

1. Kashi nawa ne ya haura kwana 90, kuma nawa ne yake tsakanin 30 da 90?
2. A wane rukuni ya fi yawa?
3. Mutum goma mafiya girman bashi, kashi nawa suke riƙe da shi?
4. Nawa aka ba shugabanni da danginsu?
5. Nawa aka ware don tarar asara, nawa aka sabunta, nawa aka share?
6. Wa yake tantance mai ƙunci daga mai taurin kai, kuma ina ake kai tarar jinkiri?

Malaman da za a naɗa a kwamitin shari'a na irin wannan banki, nauyin da ke kansu bai tsaya ga duba lafazin ƙulli ba. Su nemi a kawo musu wannan rabe-rabe, domin ba za su iya hukunta a saurara wa wane a matsa wa wane ba sai sun gan shi.

Mu kuma masu karɓa, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cin sa ba abin kunya ba ne. Amma mu tuna Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya taɓa dakatawa daga yi wa mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuɗin da ke bankin Musulunci ba na gwamnati ba ne, ba kuma sadaka ba ne, ajiyar maƙwabcinka ce. Wanda ya shiga ƙunci ya je ya faɗa tun kafin ranar biya ta zo, wanda yake da hali ya biya a kan kari.

Allah Ya warware wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Wallahu a'alam.